Alamar Gogewa

A kibod ɗin kwamfutar Kawu, maɓallin takwas ne kaɗai ya goge. Sauran duk suna nan da rubutunsu, har da waɗanda datti ya like a tsakaninsu, amma takwas ya yi fari fat, ya ɗan lotsa a tsakiya kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Na lura da shi ne ranar da Umma ta aike ni shagonsa, ina tsaye ina jiran ya gama waya.

Ba lambar ce ta cinye maɓallin ba, ɗan tauraron da ke samanta ne. Kawu ƙanin Ummana ne, sana'arsa haɗa wa mutane rumbun bayanai a kwamfuta. Mai shagon magani yana son sanin abin da ya rage a kan kanta, mai makaranta yana son sunayen ɗalibansa wuri guda, sai su kira Kawu. Da manhaja ɗaya yake duk wannan aikin, sunanta Taska, kuma kamfanin da nake wa aiki ne ke sayar da ita. A Taska in ka ce a goge layi, ba ya tafiya. Tauraro ake danna masa a gefe, ya ɓace daga idonka, amma yana nan kwance a ciki. Sai ranar da aka matse rumbun, a ranar ne duk mai tauraro ke tafiya, kuma ba ya dawowa. Duk wanda ya taɓa aiki da Taska ya san wannan tun kafin ya san sunan kamfaninmu. In ɗayansu ya daɗe bai leƙo abokai ba, cewa suke yi an sa masa tauraro.

Wayar da Kawu ke yi a ranar, da Alhaji mai kayan mota yake yin ta, babban kwastomansa, wanda kusan shi kaɗai ne ya rage mai nauyi.

"Ranka ya daɗe, Takwas na nan tafe," in ji Kawu, yana ɗan rusunawa kamar Alhajin na ganinsa. "Ka ce wa yaron ya yi haƙuri. Kwamfutocin ba su da laifi, Taska ma ba ta da laifi, sabo ne bai san tsoho ba. Da Takwas ta fito za su gaisa."

Maganar ita ce, ɗan Alhaji ya dawo daga karatu ya sayo wa shagunan mahaifinsa sababbin kwamfutoci, Taska Bakwai kuma ta ƙi buɗewa a kansu. Kawu ya mayar musu da tsofaffin ya jona, sababbin suna jingine a kwali, yaron kuma kullum yana kunnen mahaifinsa yana cewa a rabu da wannan tsohon da tsohuwar manhajarsa. Abin da ke riƙe da Alhaji kawai alkawarin Kawu ne, cewa kamfani na gab da fitar da Taska Takwas.

Ya ajiye wayar ya dube ni ta saman tabarau.

"Shiru, ke ce a ciki. Me kike ji?"

Shiru yake kirana tun ina ƙarama, don ba na magana. Na ce ban ji komai ba, kuma a lokacin gaskiya ne.

Ofishinmu yana hawa na biyu, saman wani shagon tayil. Akwai furen roba a bakin ƙofa wanda mai shara ke ba ruwa, babu wanda ya taɓa hana shi. Tsakiyar ɗakin duk na 'yan sabon aiki ne, wanda suke kira Gajimare: bayananka su zauna a kwamfutocin kamfani, kai kuma ka riƙa leƙa su ta intanet, kana biya wata-wata. Taska kuwa, wadda ta gina ofishin ta sayi kujerun, an tura ta lungu kusa da banɗaki, da mutum ɗaya tak, Injiniya, wanda ya daɗe da daina fushi ya koma shan shayi.

Ni aikina rubuta mujallar da ake tura wa masu aiki da Taska ta imel kowane wata, "Labarai da Dabaru". Da digirina na kimiyyar kwamfuta aka ɗauke ni, amma da suka ga ba na iya kallon kwastoma ido cikin ido sai suka ba ni wannan. Labaran yawanci na Manaja ne: Manaja ya halarci taro, Manaja ya yi jawabi, ga hoton Manaja yana riƙe da makirufo. Dabarun kuwa akwai tsofaffi jibge da na gada daga wadda ta riga ni, sai in ɗauko ɗaya in sauya mata riga. "A riƙa ajiye kwafi" ta fito a hannuna a matsayin shawara, ta fito a matsayin gargaɗi, ta fito a matsayin sirrin ƙwararru. Babu wanda ya taɓa kokawa.

Kawu ba ya karanta mujallar a allon kwamfuta. Buga ta yake yi a takarda, ya ja layi da jan biro, ya huda ta ya jera a fayil. Kowane wata kuma yana turo tasa dabarar, doguwa, da misalai, da fatan a buga. Wanda ke tantance abin da zai shiga shi ne Mai Talla, saurayi mai turare da takalmi mai tsini, wanda bai taɓa buɗe Taska ba ko sau ɗaya, kuma yana faɗin haka kamar wanda ke cewa bai taɓa shan taba ba. Ko farkon saƙon Kawu ba ya karantawa.

"Wannan dattijon littafi yake rubuto mana," in ji shi. "Mutane ba sa karatu yanzu, Malama Edita. Layi biyu, da hoto."

Ba da daɗewa ba Manaja ya tara mu a ɗakin taro. Ya jira aka rufe ƙofa, sannan ya faɗa a taƙaice. Ba za a yi Taska Takwas ba. Bakwai ma a ƙarshen shekara kamfani zai cire hannunsa daga kanta, ba gyara, ba amsa waya. Za a kira taron masu aiki da ita a otal, a sanar da su a can, a nuna musu Gajimare.

"Kafin ranar ba na son ya fita," in ji shi. "A mujalla kuma ba na son ganin 'dainawa', ko 'rufewa', ko 'ƙarshe'. Ku nemo kalma mai daɗi."

"Ka rubuta ta riga mu gidan gaskiya mana," in ji Injiniya daga bayan kofinsa.

Ba a kula shi ba. Mai Talla ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya bar mu muna kallon yatsan.

"Ta kammala," in ji shi. "Taska ta kammala."

Manaja ya maimaita kalmar a bakinsa kamar mai ɗanɗana zuma, ya gyaɗa kai. Mai Talla kuwa ya samu fili. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya zazzage shi, sai ga taurari na ƙarfe masu ruwan zinare, kowanne da allura a bayansa. Duk wanda ya daɗe yana aiki da Taska za a maƙala masa ɗaya a ƙirji, a kira shi gaban jama'a, a yi hoto. Mutum in ka karrama shi, in ji Mai Talla, ba ya iya yi maka ihu a ranar.

Na dubi Injiniya. Idonsa na kan taurarin, bakinsa na rawa. Na gane ba zai ce komai ba, ya samu abin kallo ne. Na ɗaga hannu rabi.

"Na'am, Malama Edita? Yau za mu ji muryarki?"

"Tauraro," na ce, "a Taska, alama ce ta gogewa."

"Ɗaga murya."

"Alamar gogewa ce."

Mai Talla ya buga tebur har taurarin suka yi tsalle.

"Kun ji! Alamar gogewa! Ai dama gogaggu ne, sun goge a kan aikinsu. Ranka ya daɗe, yarinyar nan shiru-shiru ashe da kai. Tauraro, alamar gogewa. Wannan shi za mu sa a allon taro."

"Ba haka nake…"

"Kada ki ji kunya, naki ne, zan faɗa wa kowa naki ne."

Injiniya ya shaƙe da shayi, ya fita yana tari. Na bi shi lungunsa bayan an tashi, na ce ya je ya yi musu bayani, shi za su saurara.

"Ni? Tun kafin a ɗauke ki nake musu bayani," in ji shi, yana share hawayen dariya. "Wannan ne karo na farko da kamfanin nan zai faɗi gaskiya a rubuce. Ki bar su."

Haka mujallar watan ta fita. A sama ga ƙaton tauraro, a ƙasansa "Taska ta kammala! Ku zo ku ji babban labari." A can ƙasa kuma an rubuta "Tauraro, alamar gogewa." Dabarar watan kuwa, a riƙa ajiye kwafi.

Da yammacin ranar Kawu ya zo gidanmu. Tun daga ƙofa muka ji ƙarar filas-filas ɗinsa na adana bayanan kwamfuta da yake ratayawa a wuya kamar makullan mai gadi. Ya zauna a kujerar da Umma ke ninke kaya a kai, ya shimfiɗa takardar a gwiwa, duk ta sha jan biro.

"Yaya, zo ki ga aikin 'yarki," in ji shi. "Yarinyar nan ta iya ɓoye magana a cikin magana."

Umma ta fito daga kicin tana share hannu.

"Me kuma ta yi?"

"Duba nan. Ta kammala. Me ake kammalawa? Abin da aka daɗe ana aikinsa. To duba sama. Tauraro. Shiru, tauraro a kan wane maɓalli yake zaune?"

Bai jira amsata ba.

"A kan takwas!" Ya daki takardar da bayan hannu. "Tauraro a kan takwas yake. Waɗannan 'yan dangwale da ke latsa waya ba za su gane ba, don mu aka rubuta. Na riga na kira Alhaji, da shi da ɗan nasa za mu je. Yaron ya ji da kunnensa."

Manaja ya ce kada maganar ta fita kafin ranar. Amma na dubi yadda ya riƙe takardar nan da hannu biyu, na ji ba zan iya ba.

"Kawu, babu Takwas."

"Na'am?"

"Ba za a yi ta ba. Bakwai ma za a bar ta ƙarshen shekara. Abin da 'kammala' ke nufi ke nan. Don Allah kada ka je da Alhaji."

Ya zare tabarau ya dube ni. Na ɗauka maganar ta shige shi. Sai kawai ya fara murmushi, a hankali, irin na wanda ya kama yaro yana ɓoye alewa a baki.

"Sun sa ki rantsuwa ko? Na gane. Yaya, kin ga riƙon amana? Ko kawunta ba za ta faɗa wa ba, sai ma ta karkatar da shi."

"Wallahi, Kawu."

"Kada ki yi rantsuwa a kan aikin ofis. Ke yaushe kika zo? Ni da hannuna na ɗora Taska Biyu daga faifai. Kamfanin da ya san irin mutanen da ke bayansa zai jefar da Taska? Su ci me?"

"To 'alamar gogewa' fa? Ka ga an rubuta a ƙasa."

"Wannan Injiniya ne, na san hannunsa. Barkwancin 'yan gida ne."

Umma ta zauna a hannun kujera ta dube shi yadda take dubansa tun yana yaro.

"Kai dai tun kana ƙarami in ka sa abu a ranka, ko bango aka nuna maka sai ka ce ƙofa ce ba a buɗe ba. Yarinyar nan ba ta magana, yau ta yi, ka saurare ta. Ka je kai kaɗai ka jiyo. Alhajin ba gudu zai yi ba."

"Gudun zai yi, Yaya. Abin da ba ki sani ba ke nan. Yaron ya ba ni zuwa ranar taron ne."

Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya juyo ya kashe min ido ɗaya.

Ɗakin taron otal ɗin irin wanda ake raba shi da labule ne, ana jiyo wasu a ɗaya gefen suna koyon sayar da maganin ƙiba. An jera kujeru masu farar riga, an ajiye ruwan roba da biskit a kan kowace. A gaba ga allon, da manyan haruffa masu ƙyalli: TAURARO, ALAMAR GOGEWA. Ni aka ba kyamara, in ɗauki hotunan mujallar wata mai zuwa.

Suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, maza masu furfura da jakunkunan kwamfuta da suka sha ɗinki, da mata biyu ko uku. Kowa ya shigo sai ya tsaya a gaban allon, ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya fashe da dariya. Wani dogo da suke kira Farfesa har sai da ya dafa bango.

"Wa ya rubuta wannan? A ba shi ruwa!"

Mai Talla yana bakin ƙofa da kwalinsa, yana jin dariyar yana washe baki. Ya matso kusa da ni.

"Kin gani? Ya shige su."

Yana maƙala wa kowa tauraro da hannunsa. Su kuma suna nuna ƙirjin juna.

"Farfesa, an goge ka!"

"Kai ma ga naka nan. Dama tun bara ya kamata."

"Ku bi a hankali, kada wani ya jingina da maɓallin matsewa."

Kawu ya shigo cikin farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, an goge ta har tana ɗaukar ido. Alhaji na gefensa, ɗan Alhaji na bayansu yana latsa waya. Kawu ya tsaya ƙyam aka maƙala masa tauraro, ya gyara shi ya daidaita, ya kai baƙinsa layin gaba. Da ya hango ni sai ya nuna tauraron, ya ɗaga yatsu takwas a ɓoye, kusa da cikinsa.

Manaja ya yi jawabi mai tsawo a kan tafiya, da amana, da iyali guda. Ya ce Taska ta yi abin da aka halicce ta domin shi. Ya ce akwai lokacin da uba ke kallon ɗansa ya ce, ka kammala. Tun daga nan dariya ta fara raguwa a ɗakin. Sannan ya miƙa wa Mai Talla makirufo, aka kashe fitila, aka kunna majigi.

Na yi ta fatan intanet ya yanke. Bai yanke ba. Gajimare ya buɗe sumul, da launuka masu kyau. Mai Talla ya ƙirƙiri shagon kayan mota na misali a gaban kowa, ya shigar da kaya, ya sayar, ya ciro wayarsa ya nuna cewa ga cinikin nan ya bayyana a cikinta. Ɗan Alhaji ya daina latsa tasa wayar ya miƙe zaune.

"Abin da ya fi daɗi," in ji Mai Talla, "mai shago ba ya buƙatar wani ya zo ya haɗa masa komai. Ba sai ka jira wani ya zo da jaka ba. Da kanka za ka yi."

Ya faɗi wannan ne a gaban ɗaki cike da masu jaka. Bai ma ji abin da ya faɗa ba, yana kallon allonsa.

Kawu ya ɗaga hannu. Ya miƙe, ya gyara riga, ya yi sallama, ya gabatar da kansa da shekarun da ya yi da Taska.

"Tambayata ɗaya ce, ɗana. Wannan mun gani, Allah ya sa albarka. Takwas ɗin fa, yaushe za a nuna ta?"

"Wace takwas, Baba?"

"Taska Takwas."

Mai Talla ya dubi Manaja. Manaja ya dubi ruwan robarsa.

"Baba, ai Taska ta kammala," in ji Mai Talla da murya mai laushi, irin wadda ake yi wa mara lafiya. "Bakwai ita ce cikonta. Ba ka karanta mujallarmu ba?"

Kawu bai zauna nan da nan ba. Ya ɗan tsaya, hannunsa ɗaya a kan bayan kujera. Daga can gefen labule aka jiyo masu maganin ƙiba suna tafi.

Wata mata a baya ta ce, "To mu fa? Mu da kwastomominmu?"

"Ku ai taurarinmu ne, Hajiya. Ba za mu taɓa mantawa da ku ba. Kuna nan a cikin zuciyar kamfani."

"Muna nan kwance a ciki," in ji wani.

Sai Farfesa ya ɗaga murya, ba tare da ya tashi ba.

"Malam mai jawabi! Tauraron mun gani, mun gode. Yaushe za a matse mu?"

Mai Talla bai san kalmar ba. Na ga ya ɗan yi jim, ya ɗauka ana tambayar lokacin da za a kwashe kowa zuwa sabon tsari ne. Ya yi murmushinsa mafi faɗi.

"Ƙarshen shekara, in Allah ya kai mu. Gaba ɗayanku, babu wanda za a bari."

Ɗakin ya ɗauki dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Wannan daga hanci take fita. Injiniya na tsaye a can baya kusa da tebur ɗin shayi, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Mai Talla ya ɗan rusuna, ya ɗauka tafi ne ke tafe.

Da aka kunna fitila ɗan Alhaji ya riga kowa isa gaba. Na matsa kusa don in ɗauki hoto, sai na ji komai. Yaron yana tambaya ko zai yi aiki a sababbin kwamfutocinsu, aka ce ko a waya ma. Alhaji ya taso a hankali ya same su.

"To kayanmu na shekara da shekaru da ke cikin tsohuwar fa? Kada su salwanta."

Ɗaya daga cikin 'yan Gajimare ya amsa, wani mai gajeren wando da ya taɓa zama kusa da Injiniya na ɗan lokaci.

"Za mu kwashe muku su, Alhaji, ba matsala. Sai dai wanda ke riƙe muku rumbun ya matse shi tukuna, ya fitar da duk masu tauraro, sannan ya ba mu. Ba ma ɗaukar shara."

Alhaji ya juyo. Ba mugun mutum ba ne, har ya ɗan dafa kafaɗar Kawu.

"Malam, ka ji. Ba laifinka ba ne, kai ma haka aka yi maka. Gobe sai ka biyo ta shago ka matse mana shi, ka ba yaran nan. Ka san kai ka san kansa."

"Da safe zai fi," in ji ɗansa, idonsa na kan katin da Mai Talla ya ba shi.

Kawu ya gyaɗa kai. Ya dube ni, ni ma na dube shi ta saman kyamara. Bai kashe min ido ba.

Mai Talla ya koma kan makirufo yana tafa hannu.

"Taurarinmu, a zo gaba a yi hoto! Dogaye a baya. Malama Edita, ki tabbata allon ya fito, rubutunki ne. Jama'a, wannan baiwar Allah ita ta ba mu 'alamar gogewa', a tafa mata!"

Wasu suka juyo suna kallona. Farfesa ya ɗaga min robar ruwansa. Da yawansu sun je gaban, don an riga an ci biskit, kuma mutum ba ya son a ce shi ne ya ɓata taro. Suka jeru a ƙarƙashin allon, kowa da tauraronsa a ƙirji, Manaja a tsakiya yana gyara wuyan riga.

"Ina Baban nan mai tambaya? Baba, taho nan kusa da Manaja."

Na sauke kyamara. Kawu na tsaye a wurin kujerarsa, ya sunkuyar da kai yana cire allurar a hankali da yatsu biyu, don kada ta ja zaren farar rigar. Da ta fita ya shafa wurin da babban yatsa har ramin ya ɓace. Ya ɗora tauraron a kan kujera, kusa da biskit ɗin da bai buɗe ba. Ya ɗauki jakarsa, ya dafe filas-filas ɗin wuyansa da tafin hannu don kada su yi ƙara, ya bi ta gefen labule ya fita.